Cokali da Kwalba: Tarihin Maganin Zazzaɓin Yara daga Jos da Zariya har Tamale

Duk wanda ya taɓa kwana a Zangon Hausawa na Tamale da damina ya san irin daren da zan faɗa. Ruwa ya ɗauke, sauro ya fito, can cikin dare uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ji kamar garwashi. Asibiti da nisa, kuɗi ba su hannu, maigida kuwa ya yi tafiya. Sai ta miƙa hannu bisa taga ta ɗauko 'yar kwalbar da ta saya a shagon magani kusa da kasuwar Aboabo, ta laluba kwando ta zaro cokali, ta ɗura wa yaron. In jikin bai yi sanyi ba kafin asuba, ta ƙara masa. Da safe kakar yaron ta zo dubiya da nata maganin a bakin zane, ita ma ta ba shi.

Maganin nan shi ne farasitamol, wanda yawancinmu muka fi sani da sunan Panadol. Da wuya a sami gidan da babu shi, daga Tamale har Kano, daga Yendi har Maraɗi. Magani ne mai kyau, kyauta ce daga cikin kyautai da Allah ya ba 'yan adam ta hannun masu bincike. Amma tarihinsa a ƙasashenmu yana da hawaye a ciki. Ta hanya biyu ya ɗauke mana yara: ta cokalin da ya wuce ma'auni a gida, da kuma ta kwalbar da aka zuba wa dafi tun a wurin haɗa ta. Ya kamata masu bi su san wannan tarihi, gama in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kafin zuwan kwalbar

Kakanninmu ba su rasa abin yi wa zazzaɓi ba. Akwai jiƙo da turare da saiwoyi, akwai kuma wanzami da ungozoma. Fataken da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga sun riƙa tafiya da kanwa da magunguna cikin kayansu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa da yawa suka watse zuwa waɗansu garuruwa, da Turawan Ingila kuma suka mai da Tamale hedkwatar Yankunan Arewa cikin 1907, zangon garin ya yi ta girma.

Maganin Turawa ya shigo ƙasashen nan tare da bishara. Cikin 1902 wani mai haɗa magani daga Toronto ta Kanada, Andrew Stirrett, ya bar shagunansa ya zo Nijeriya ƙarƙashin mishan ta S.I.M. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya kuma sa hannu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya rasu a Jos cikin 1948. Mishan ta S.U.M. ta buɗe asibiti a Vom cikin 1922, C.M.S. kuma ta kafa nata a Wusasa kusa da Zariya. A arewacin Gana, limaman Katolika sun sauka Navrongo a 1906, Baptis kuma suka buɗe asibitin Nalerigu a 1958 ta hannun Likita George Faile.

A zamanin nan magani yana hannun dispensa. Shi ne zai duba yaro, ya auna, ya zuba a baki, ko ya ƙirga ƙwayoyi cikin takarda ya faɗa wa uwa sau nawa za ta bayar. Dattawa suna tuna kwinin mai ɗaci, da asfirin, da ƙwayar A.P.C. wadda ake sha don ciwon kai da ciwon jiki. Daga baya aka gane waɗannan ma suna da nasu aibi. Ɗaya daga cikin abubuwa uku da ke cikin A.P.C., wato fenasitin, yana lalata ƙoda, har Amurka ta hana shi a 1983. Asfirin kuwa, wani likita a Ostareliya mai suna Douglas Reye ya bayyana wata cuta ta hanta da ƙwaƙwalwa a yara cikin 1963, daga bisani aka ga tana da dangantaka da ba yara asfirin lokacin mura ko ƙarambau. Cikin 1986 Ingila da Amurka suka yi gargaɗi a daina ba ƙananan yara asfirin. Da aka rufe wannan ƙofa, sai duniya duka ta juya ga farasitamol.

Yadda farasitamol ya sami shiga

Maganin ya girmi kakanninmu. Wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Harmon Northrop Morse, shi ya fara haɗa shi, ya buga bayaninsa a 1878. Wani likitan Jamus, Joseph von Mering, ya gwada shi ga marasa lafiya, cikin 1893 ya ce fenasitin ya fi shi. Saboda wannan hukunci aka ajiye farasitamol gefe har fiye da shekara hamsin. Sai a 1948 Bernard Brodie da Julius Axelrod suka nuna cewa tsofaffin magungunan nan na zazzaɓi, in sun shiga jiki, jiki yakan juya su su zama farasitamol, shi ne kuwa yake yin aikin. Ashe abin da aka yar shi ne mai amfanin.

Cikin 1955 kamfanin McNeil na Amurka ya fitar da shi da sunan Tylenol, maganin ruwa ne domin yara. A 1956 aka fara sayar da ƙwayar Panadol mai miligiram 500 a Ingila. Ba ya cin ciki kamar asfirin, yana da araha, ana kuma iya sa masa zaƙi yaro ya sha ba kokawa. Kafin a daɗe ya kai kowane kanti.

A ƙasashenmu talauci ya ƙara masa kasuwa. Cikin 1985 gwamnatin Gana ta sa dokar biyan kuɗin asibiti, a 1992 kuma aka shiga tsarin biya kafin a ba ka magani, wanda ya dawwama har aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2003. A Nijeriya ma shekarun gyaran tattalin arziki daga 1986 sun bar asibitoci da kantoci wayam. Uwa ta lissafa kuɗin mota da kuɗin kati da kuɗin magani, sai ta ga gara ta tsaya wurin mai kemis na unguwa. Ta haka ma'auni ya fita daga hannun dispensa ya koma hannun uwa, ba kuwa wanda ya zauna ya koya mata awon.

Hanta ba ta kuka da wuri

Shekara goma bayan fitowar Panadol, cikin 1966, likitoci a Sikotilan suka ba da labarin farko na mutanen da hantarsu ta lalace saboda sun sha farasitamol fiye da kima. A 1973 masu bincike a Amurka suka gano dalili. In mutum ya sha maganin, hanta takan sarrafa mafi yawansa ya fita cikin fitsari lami lafiya. Amma ɗan kaɗan yakan juya ya zama dafi, hanta kuma tana da wani abin kariya da ake kira gulutatayon wanda yake kama dafin nan ya kashe shi. In maganin ya yi yawa, abin kariyar yakan ƙare, dafin ya shiga cin hantar kanta. Yaron da ba ya samun abinci sosai, ko wanda ya kwana biyu yana amai ba ya ci, rumbun kariyarsa da ma bai cika ba.

Abin tsoron shi ne cutar ba ta nuna kanta da wuri. A rana ta farko yaro zai iya yin amai kaɗan, ko kuwa ya ci gaba da wasa kamar ba kome. Sai a kwana na biyu ko na uku ciki ya fara ciwo ta gefen dama, ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, yaro ya yi ta barci, hankalinsa ya gushe. A lokacin nan aiki ya riga ya yi nisa. Cikin shekarun 1970 Likita Laurie Prescott da abokan aikinsa a Edinbara suka nuna cewa wani magani mai suna asetilsistin yana mayar wa hanta kariyarta. Yana aiki ƙwarai in an fara shi cikin awa 8 da shan maganin, amfaninsa kuwa yana raguwa da kowace awa da ta wuce.

Bari mu yi lissafi, ya mai karatu, domin a nan hatsarin yake. Awon da likitoci suke bi ga yaro shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, a bar awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce sau 4 cikin yini da dare. Yaro mai kilo 10, wato ɗan wajen shekara ɗaya, rabonsa miligiram 100 zuwa 150 ne a sha ɗaya. Yawancin maganin ruwa da ake sayarwa yana da miligiram 120 ko 125 cikin mililita 5, wato cikin ɗan murfin awo guda. To, a ce uwa ta ɗauki babban cokalin cin abinci mai cin mililita 15. Sha ɗaya ya zama miligiram 360. In ta ba shi sau 4, ya sha 1,440 a rana, alhali iyakarsa 600 ne. In ta yi haka kwana biyu ko uku, ta kai shi bakin rami tana tsammani jinya take yi. Haka kuma ƙwayar manya guda ɗaya mai miligiram 500 ta fi rabon wannan yaro sau uku.

Akwai waɗansu hanyoyi kuma. Maganin mura da na haƙori da yawa suna da farasitamol a ciki ƙarƙashin wani suna, sai a haɗa wa yaro biyu ba a sani ba. Uwa ta bayar, kaka ta bayar, ba wadda ta gaya wa wata. Ko kuwa yaro mai rarrafe ya sami kwalba a buɗe, ya ji zaƙi, ya shanye. Mafi yawa kuma, zazzaɓin cizon sauro ne yake cin yaron, farasitamol kuwa ba ya kashe ƙwayar cutar, jiki kawai yake sanyayawa. Zafi ya dawo, a ƙara cokali, ya sāke dawowa, a sāke ƙarawa.

Ƙasashen da suka ga wannan sun ɗauki mataki. Ingila ta rage yawan ƙwayoyin da za a sayar cikin kwali ɗaya a 1998. A Amurka, cikin 2011, kamfanoni suka daina yin ɗigon jarirai mai kauri, domin iyaye suna rikita shi da na manyan yara suna zuba shi da cokali.

Jos, 1990

Hanya ta biyu ta fi ta farko muni, gama a cikinta uwa tana iya auna daidai, yaron kuma ya mutu. Farasitamol ba ya narkewa sosai cikin ruwa. Domin a yi maganin ruwa, sai an narkar da shi cikin gilisarin ko wani ruwa mai kauri da ake kira furofilin gilaikol. Akwai wani ruwa mai kama da su, marar launi, mai ɗan zaƙi, mai araha kuma, sunansa dayetilin gilaikol. Na masana'antu ne, ana sa shi cikin man birki da makamantansa. In ya shiga jikin yaro yakan kashe ƙoda.

Duniya ta riga ta san wannan tun 1937, lokacin da kamfanin Massengill na Amurka ya narkar da wani magani cikinsa, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Wannan ya sa Amurka ta kafa dokar 1938 wadda ta tilasta a tabbatar magani ba shi da lahani kafin a sayar. Amma darasin bai ƙetare teku ya iso gare mu ba.

Tsakanin Yuni da Satumba na 1990 aka riƙa kawo yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da irin ciwo ɗaya. Zazzaɓi, amai, gudawa, jijjiga, sa'an nan fitsari ya tsaya cik. Yara 47 suka mutu a asibitin nan kaɗai. Da aka bi sawu, aka tarar dukansu sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol. Irin wannan ya faru a wajen Ibadan a shekarar, jimillar yaran da aka lissafa ta kai 109. Jos gari ne da ikkilisiyoyinmu suke da hedkwata, da asibiti, da ɗakunan buga littattafai. Waɗanda aka binne 'ya'yan maƙwabtanmu ne, Kirista da Musulmi.

A waɗannan shekaru yara fiye da 200 suka mutu ta wannan hanya a Bangladash, a Haiti kuma fiye da 80 tsakanin 1995 da 1996. A Nijeriya mutuwar yaran tana cikin abubuwan da suka sa gwamnati ta kafa hukumar kula da abinci da magunguna, wato NAFDAC, da Doka ta 15 ta 1993. Gana ta yi tata dokar abinci da magunguna a 1992, ta kafa hukumar da za ta tsare ta a 1997. Mutane suka ce an yi na farko an yi na ƙarshe.

Zariya, 2008

Shekara goma sha takwas suka wuce. Daga 2001 NAFDAC tana hannun Dora Akunyili, mace mai tsoron Allah wadda 'yar'uwarta ta rasu a 1988 saboda jabun allurar ciwon sukari. Ta yi yaƙi da masu jabun magani har suka harbi motarta a Disamba 2003, Allah ya kuɓutar da ita. Duk da wannan himma, dafin ya sāke samun ƙofa.

Wajen ƙarshen 2008 likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, suka ga ana ta kawo musu ƙananan yara da fitsarinsu ya tsaya. Haka ma a Legas da Ibadan. Ran 18 ga Nuwamba Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sami rahoton yara 13 daga wani asibiti a Legas. Ran 21 ga wata NAFDAC ta sami dayetilin gilaikol cikin wani maganin haƙorin yara mai farasitamol a ciki, mai suna My Pikin, wato ɗana da Turancin kasuwa. Kamfanin Barewa Pharmaceuticals na Legas ne ya yi shi tsakanin Agusta da Oktoba na shekarar. Waɗansu kwalaben da aka karɓo daga gidajen da aka yi rashi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da ke ciki dafi ne.

Aka rufe kamfanin, aka yi shela a rediyo, amma kwalabe sun riga sun shiga shaguna da jakunkunan 'yan talla da ɗakunan mata. Cikin Fabrairu 2009 Ministan Lafiya, Babatunde Osotimehin, ya ce yara 84 sun mutu. Masu binciken da suka bi gida gida sun tabbatar da yara 57 'yan shekara uku zuwa ƙasa da suka sha dafin, 54 daga cikinsu ba su tashi ba. Wankin ƙoda na yara yana da wuyar samu, inda ya samu ma sau da yawa an makara. A watan Mayu 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai.

Akwai wani abu a labarin Zariya da ya shafe mu kai tsaye. Mu Hausawa, da maƙwabtanmu Dagomba da Yarabawa, mun saba ɗora wa haƙori laifin kowane zazzaɓi da gudawar jariri. Da yaro ya kai wata shida ya fara zafi, sai a ce haƙori ne, a nemo maganin haƙori. Waɗansu ma sukan bayar tun yaro yana lafiya, wai rigakafi. Likitoci sun nuna cewa fitar haƙori takan sa dasashi ya yi ƙaiƙayi, yaro ya yi ta dalala da fitina, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai tsanani. Watannin nan ne kariyar da yaro ya samo daga uwarsa take raguwa, yake kuma rarrafe yana kai kome baki. Wannan zato namu shi ya buɗe wa kwalbar nan kasuwa.

Banjul, 2022, da abin da ya shafi Tamale

Kada wani ya ce wannan labarin Nijeriya ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Cikin damina ta 2022 likitoci a babban asibitin Banjul ta Gambiya suka ga yara suna mutuwa da ciwon ƙoda. Ran 5 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan magungunan tari da mura guda huɗu na kamfanin Maiden Pharmaceuticals na Indiya, ta ce an sami dayetilin gilaikol da ɗan'uwansa etilin gilaikol a ciki. Kamfanin ya musa. Yara wajen 70 suka mutu a Gambiya. A shekarar nan fiye da 200 suka mutu a Indonesiya, waɗansu kuma a Uzbekistan, har hukumar ta ce cikin Janairu 2023 adadin ya haura 300 a ƙasashe uku.

Tamale gari ne na mahaɗar hanyoyi. Kaya suna zuwa daga Kumasi da Akara, daga Togo da Burkina Faso, daga Legas da Kano, kamar yadda goro da kanwa suka riƙa wucewa a dā. Kwalba ba ta san iyakar ƙasa ba. Gaskiya an sami ci gaba. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ƙarfafa hukumar abinci da magunguna ta Gana, a 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta kai mataki na uku na ƙwarewa, NAFDAC ta bi baya a 2022. Asibitin Tamale da aka buɗe a 1974 ya zama asibitin koyarwa. Amma hukuma ba ta shiga ɗakin uwa da tsakar dare. Abin da ke faruwa tsakanin taga da bakin yaro yana hannunmu.

Tukunyar Gilgal

Cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, akwai labarin da ya dace da wannan. Ana yunwa a ƙasar, annabi Elisha ya sa a ɗora babbar tukunya domin ƙungiyar annabawa a Gilgal. Ɗaya daga cikinsu ya fita jeji neman ganye, ya sami 'ya'yan wata yaɗuwa da bai sani ba, ya cika rigarsa, ya zo ya yayyanka cikin miya. Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana so ya ciyar da 'yan'uwansa, sani ne ba shi da shi. Abin da ya cece su shi ne, da suka ɗanɗana suka ji ba daidai ba, ba su yi shiru don kunya ba, suka ta da murya nan da nan, Allah kuwa ya yi musu magani ta hannun bawansa.

Uwar da ta wuce awo kamar mutumin nan take. Ƙauna ce ta sa ta ƙara cokali. Kada ikkilisiya ta ɗora mata laifi bisa baƙin cikinta, kada kuma dangi su ce maita ce ko sammu. Amma wanda ya sayi ruwan masana'anta domin ya fi araha ya zuba cikin maganin jarirai, ba tare da ya gwada ba, shari'arsa dabam ce. Littafin Firistoci sura 19 da Karin Magana sura 11 sun nuna mana yadda Ubangiji yake ƙin ma'aunin algus. Ɗan'uwa mai shagon magani, wanda yake zama a kujerar gaba ran Lahadi, ya sani kantarsa ma wurin sujada ce. Ya sayi kaya daga inda aka amince, ya duba lambar rajista da ranar lalacewa, ya tambayi shekarun yaro da nauyinsa kafin ya miƙa kwalba, in kuwa ciwon ya fi ƙarfinsa ya ce a tafi asibiti ko da zai rasa ciniki.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Asibitocin mishan na Gana sun haɗa kai cikin ƙungiyar CHAG tun 1967, na Nijeriya kuma cikin CHAN tun 1973, ɗaya daga cikin manufofinsu kuwa shi ne samo magani mai inganci da araha. A Tamale kanta Likita David Abdulai, ɗan garin wanda ya karɓi bangaskiyar Kirista, ya bar aikin gwamnati ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu cikin 1991, yana duba matalauta da masu taɓin hankali kyauta har rasuwarsa a 2016. Ya nuna cewa abin da yake kai uwa ga awon kai sau da yawa rashin kuɗi ne, wanda ya ɗauke mata wannan kaya kuwa ya ceci ɗanta.

Saura mu. Zumuntar Mata tana taruwa kowane mako, to, a keɓe rana ɗaya a gayyato nas daga cikin membobi ta zo da kwalba da murfin awo da sirinji ta nuna. A koya wa kowace uwa ta san nauyin ɗanta daga katin awo, ta yi amfani da murfin da ya zo da maganin, ta bar cokalin tuwo a kwando. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba yaro magani a gida, ya kuma riƙe lokacin da ya bayar. Kada a haɗa magani biyu sai an tambayi ma'aikacin lafiya ko akwai farasitamol cikin dukansu. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar manya da ka. A ajiye kwalba a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma a ruɗe shi da cewa alewa ce. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi, asibiti za a kai shi. Babba kuma a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro tun ranar farko. In an ga yaro ya sha fiye da kima, a ɗauke shi tare da kwalbar a tafi a lokacin, ko da yana dariya. In kuwa yaro ya yini bai yi fitsari ba bayan ya sha wani magani, a daina ba shi, a kai shi, a kuma faɗa wa likita sunan maganin ba ɓoyewa, gama ta bakin iyayen da suka faɗa ne aka gane dafin Jos da na Zariya, aka ceci 'ya'yan waɗansu.

Yaran nan 47 na Jos da yanzu sun haura shekara talatin, da suna da nasu 'ya'ya. Na Zariya da sun zama samari da 'yan mata. Ba mu san sunayensu ba, amma Makiyayi Mai Kyau ya san su ɗaya ɗaya. Bari Ubangiji ya ta'azantar da iyayensu, ya ba masu mulki da masu haɗa magani tsoronsa, ya kuma ba kowace uwa da ta tashi da tsakar dare hannu mai awo daidai. Amin.